Sai an zuba ake kwasa

Ba a shiga adashe ranar da buƙata ta taso. Matar da aka sa bikin 'yarta nan da mako uku, in ta je wurin uwar adashe ta ce a saka ta, kuma a ba ta kwasar farko, amsar da za ta ji ba ta wuce, "Ayya Maman Ummi, ai kin makara. Da kin zo tun bayan ƙaramar salla, da yanzu ana maganarki." Ba rowa aka yi mata ba. Kuɗin da ke hannun uwar adashe ba nata ba ne, gumin mata ne da yawa, wata daga cinikin ƙuli-ƙuli, wata daga kitso, wata daga abin da ta matse a kuɗin cefane. Kowace a cikinsu ta yarda a miƙa kuɗinta ga wadda ta ga zubinta mako bayan mako, da rani da damina, da ranar ciniki da ranar kwantai. Wadda ba a taɓa ganin zubinta ba, ko 'yar gidan wane ce, sai ta jira.

Na daɗe ina ganin cewa wannan ƙa'ida, wadda kowace mai tuyar ƙosai ta haddace, ita ce ta fi kuɓuce wa masu aikin taimakon al'umma. Ina nufin ma'aikatan ƙungiyoyi masu zaman kansu, da 'yan sa-kai, da masu ƙananan gidauniyoyi, da matasan da suka ɗauki wata matsala ta garinsu, ko ta ruwan sha, ko ta karatun 'ya'ya mata, ko ta almajirai, suka ce sai sun ga bayanta. Babu mai musun cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowane taro sai ka ji an ce mu san juna, mu haɗa ƙarfi. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da muke ɗauka a matsayin sanin junan.

An kira taron bita na kwana biyu a wani otal a Abuja ko Kaduna. Ka shigo, ka rubuta sunanka da na ƙungiyarku a takardar bakin ƙofa, an rataya maka kati a wuya. Da an tashi shan shayi, kowa ya riƙe kofi a hannu ɗaya, waya a ɗaya, idonsa na bin katunan wuyan mutane yana neman wanda ya zo daga ofishin masu ba da tallafi. An gaisa, an karɓi lamba, an ɗauki hoto. Kafin a watse wani ya buɗe zauren WhatsApp ya zuba kowa ciki. Makon farko hotuna da godiya na ta shigowa. Bayan wata guda ba abin da ya rage sai gaisuwar Juma'a. Ana nan, wata shida ya wuce, wayarka ta yi ƙara.

"Salamu alaikum, Malam. Ni ne wanda muka zauna tebur ɗaya a taron Kaduna. An fitar da sanarwar wani tallafi, amma sharaɗinsu sai ƙungiyoyi uku sun haɗu sun nema tare. Jibi za a rufe. Don Allah ka turo min takardar rajistarku da bayanan asusunku."

Mai wannan waya ba mugu ba ne, wataƙila ma aikinsa ya fi naka kyau. Amma kwasa ya zo nema a adashen da bai taɓa zubi ba. In ka ce masa a'a, ya tafi yana cewa 'yan ƙungiyoyi ba su da haɗin kai. In ka ce masa to, ka ɗora sunan ƙungiyarku da amanar mutanen da kuke yi wa aiki a hannun wanda ba ka san yadda yake riƙe kuɗi ba, ba ka san ko yana cika alkawari ba, ko ƙofar ofishinsa ba ka taɓa gani ba. Kuma laifin na ku biyu ne, domin a wata shidan nan kai ma ba ka neme shi ba.

Zubi a wannan aiki ba wani babban abu ba ne, shi ya sa ake raina shi. Ka ga sanarwar tallafin da ya fi dacewa da wata ƙungiya fiye da taku, ka tura mata, duk da kai ma kana da buƙata. Ƙaramar ƙungiya ta rubuta takardar neman tallafi karon farko, ka zauna da daddare ka karanta ta, ka nuna musu inda lissafinsu bai haɗu ba. Ka ara musu ɗakin taronku ranar da ba kwa amfani da shi, ko ka ce direbanku ya sauke musu kaya tunda hanya ɗaya ce. Za su shiga wani ƙauye da ka riga su shiga, ka gaya musu su fara zuwa gaida dagaci kafin su nemi shugaban makaranta, kuma kada su sa taron mata ranar kasuwa. Aka yi wa abokin aiki rasuwa, ka je da ƙafarka ka yi ta'aziyya, ba saƙon waya ba. Zubin da ya fi kowane nauyi kuwa shi ne ka faɗa wa 'yan'uwanka abin da kuka gwada bai yi ba: injin niƙan da kuka raba wa mata ya tsaya saboda babu mai gyara a kusa, rijiyar burtsatsen da kuka haƙa ta ƙafe saboda ba ku tambayi tsofaffin gari inda ruwa yake ba. Irin wannan labari ba ya shiga rahoton da ake aika wa masu ba da kuɗi, shi ya sa ƙungiya goma kan faɗa rami ɗaya, kowace a ɓoye.

Darajar zubi tana cikin maimaituwarsa. Uwar adashe ta fi natsuwa da mai hannu ɗaya da ba ta taɓa fashi ba, a kan mai hannu uku da sai an aika yarinya sau biyu ana ce mata, "Inna ta ce ki dawo gobe." Haka nan wanda ya taɓa yi maka babban alheri sau ɗaya ya ɓace, za ka gode masa, amma wanda za ka sa sunansa a takardar haɗin gwiwa shi ne wanda ka gwada a ƙananan abubuwa har ka daina tantama.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mu ma'aikatan ƙungiyoyi mun san wannan tsari sarai, har muna koyar da shi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Wata ma'aikaciya 'yar ƙasar Norway, Moira Eknes, ita ta zauna da matan karkara, kuma tubalin da aka ɗora shirin a kai shi ne adashen da matan suka gada. Aka faɗaɗa shi: a riƙa haɗuwa kowane mako, a zuba, mai buƙata ta ranta ta juya ta mayar, a ware ɗan wani abu domin rashin lafiya ko gobara, in shekara ta zagayo a raba. Tsarin da ya fito daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na amfani da shi. A yadda ake gudanar da shi yanzu, akwatin kuɗin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga kuɗin da ƙarfi, kowa ta ji. Ma'aikacinmu zai hau babur ya je ƙauye ya koya wa mata wannan, ya dawo gari ya shiga haɗin gwiwa da wasu ƙungiyoyi inda mutum ɗaya ne ya san nawa aka bayar, shi kaɗai ke magana da masu ba da kuɗin, sauran sai abin da ya ga dama ya faɗa musu. Matan Maraɗi ba don suna zargin juna suka sa kwaɗo uku ba. Sun sa ne don zumuncinsu ya fi ƙarfin ranar da Shaiɗan zai raya wa ɗayarsu wani abu.

Wanda ke son ya ga yadda zubi na shekaru ke zama kwasa a aikin al'umma, ya dubi yaƙi da cutar shan inna a Arewacin Nijeriya. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon rigakafin, bisa zargin cewa an sa masa abin da ke hana haihuwa. Kano ce ta fi daɗewa, ba ta dawo ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. An yi ta zargin iyaye da jahilci, amma tambayar da suke yi tana da ma'ana. Mutum ya kai ɗansa asibiti da zazzaɓin cizon sauro an ce ya je ya sayo magani, ƙyanda ta ɗauke masa wani, ruwan da yake sha na kududdufi ne, sai ga baƙi har ƙofar gida da magani kyauta na cutar da bai fi jin tsoro ba. Ga shi kuma mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Masu shirin sun zo neman abu mafi tsada da uba ke da shi, wato ya buɗe bakin ɗansa ga wanda bai sani ba, alhali ba a taɓa ganin zubinsu a unguwar ba.

Gyaran ya ɗauki shekaru, kuma yawancinsa aikin ƙulla mutane ne. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye ke so, kamar gidan sauro da maganin tsutsar ciki da sinadarin bitamin A. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan gargajiya na Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, ƙarƙashin inuwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sai magana ta riƙa bin hanyar da ta saba bi, daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Aka nemi malamai. Aka nemi ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko. Wannan ƙungiya ta shafe shekara ashirin tana buɗe makarantu da ɗakunan shan magani kafin a zo neman ta, don haka matanta na shiga gidajen da namiji ba ya shiga, a shimfiɗa musu tabarma a saurare su. Waɗanda cutar ta riga ta naƙasa su ma suka shigo, suna bin unguwanni a kan kekunansu suna nuna wa iyaye abin da ake gudu. A 2008 yaran da cutar ta kama a Nijeriya sun kusa 800. A 2010 suka sauko zuwa 21.

Lissafin ya sake hawa bayan nan, har ya kai 122 a 2012. A shekarar ce aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa ta shan inna a Abuja, daga baya aka yi irinta a Kano da wasu jihohi. Abin da cibiyar ta kawo a ido ba shi da yawa: jami'an gwamnati, da na Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da Rotary, da sauran masu hannu a aikin, su zauna a ɗaki ɗaya, su dubi allo ɗaya, su bi tsari ɗaya. A ƙananan hukumomi kuwa, duk ranar da aka fita rigakafi akan yi taron yamma. Mai kula da kowace mazaɓa ya tashi ya faɗi yara nawa aka samu, gida nawa aka ƙi, wace tawaga ce ba ta fita da wuri ba, ina ƙanƙarar adana magani ta narke. Gidan da aka ƙi, a miƙa sunansa ga mai unguwa, gobe da safe a koma tare da shi. Wannan taron yamma shi ne zubin. Kowa ya kawo abin da ke hannunsa, mai daɗi da marar daɗi, ya ajiye a gaban jama'a, gobe ma haka, zagaye bayan zagaye, shekara bayan shekara. Mutanen da suka yi irin wannan zama sun san wane ne in ya ce an yi to an yi, wane ne kuma sai an je an duba.

Kwasar ta zo ta inda ba a zata ba. Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Likitar da ta tsaya tsayin daka ta hana shi barin asibiti, Dakta Ameyo Adadevoh, ta kamu da cutar ta rasu. Duniya ta tsorata da jin Ebola a birni mai cunkoso irin Legas. Amma ba a fara daga tushe ba. An kwaikwayi tsarin cibiyar shan inna, aka ɗauko Dakta Faisal Shuaib daga can ya jagoranci ta Ebola, tare da ma'aikatan da suka saba bin gida-gida da kawo rahoto kullum. Aka bi sawun mutane kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, a Legas da Fatakwal. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar. Babu wanda ya zauna a taron yamma a Bichi ko Gwarzo yana tunanin Ebola. Amma sabon da aka tara a irin waɗannan zama, na aiki tare da faɗin gaskiya a kan lokaci, shi aka kwasa a Legas. Shan inna kuwa, an ga na ƙarshe mai yaɗuwa da kansa a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da wannan nau'in.

Sai dai a wannan labarin akwai abin da ba zan iya tsallakewa ba. Waɗanda suka fi kowa zubi su ne matan da suka yi ta bin lungu-lungu da akwatin ƙanƙara a kafaɗa da alli a hannu suna yi wa bango alama, ana rufe musu ƙofa, ana zaginsu, kan ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka kashe tara daga cikin masu wannan aiki a Kano. Sauran suka ci gaba da fita. In ana taron murna a manyan otal, su nawa ake gani a kan tebur na gaba? A adashen gaskiya babu wannan. Mai rabin hannu tana da ranarta, kuma ranar nan in ta zo, ko matar attajiri ba ta isa ta sha gabanta ba. Zumuncin masu aikin al'umma kuwa sau da yawa yakan zama na masu Turanci da kwamfuta da kuɗin jirgi. Ungozoma da malamar Islamiyya da shugaban matasan unguwa, waɗanda su ne ke buɗe mana ƙofa, ana kiransu ranar aiki, ba a kiransu ranar shawara. In ma an kira su, da Turanci ake taron, su zauna a baya su sa hannu su karɓi kuɗin mota su tafi.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. A taron ƙoli na ayyukan jinƙai da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin cewa zuwa 2020 kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa isa hannun ƙungiyoyin cikin gida ba tare da dogon zagaye ba. Shekarar ta zo ta wuce, ba a kai ko kusa ba. Dalilin da akan bayar shi ne ƙananan ƙungiyoyi ba su da tsarin riƙe kuɗi da za a amince da shi. Akwai gaskiya a ciki. Amma wadda ba a taɓa bari ta shiga adashe ba, ta yaya za a san ko tana cika zubi?

Ba na raina manyan dandali na ƙetare. Ashoka tun 1980 take zaɓo masu sababbin dabarun gyara al'umma tana haɗa su da juna. Taron Skoll da ake yi a Oxford tun 2004 yana tara irinsu daga ko'ina. Shirin Mandela Washington, wanda ya fara a 2014, ya kai matasan Afirka da dama Amurka na mako shida, cikinsu har da 'ya'yanmu, kuma wasu sun dawo da ido buɗe. Abin da nake roƙon wanda ya samu irin wannan dama shi ne ya tuna cewa ranar da gobara ta tashi a ofishinsa, ko hukuma ta rufe masa asusu, ko mai unguwa ya juya masa baya, abokinsa na Nairobi sai dai ya yi masa addu'a. Wanda zai zo cikin minti talatin shi ne na ƙungiyar da ke layi na biyu da nasa, wadda wataƙila bai taɓa leƙawa ba. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare, daga baya aka rufe hukumar USAID. Ayyuka suka tsaya cak, aka sallami ma'aikata. A irin wannan rana, wanda duk saninsa ya tafi sama, wajen mai ba da kuɗi, ya wayi gari ba shi da kowa. Wanda ya yi zubi a gefensa yana da inda zai raba hayar ofis, da wanda zai karɓi marasa lafiyar da yake kula da su, da wanda zai ce masa, "Turo min yaron nan mai lissafi, zan riƙe shi wata uku kafin mu ga abin da Allah zai yi."

Akwai kuma mutum guda da kowane zumunci ke tsaye a kansa, ba a cika ambatonsa ba. Adashe ba ya tafiya da kansa. Uwar adashe ce ke tuna ranar kowa, ta aika a karɓo, ta cike daga aljihunta in wata ta yi jinkiri, ta lallashi mai kwasar wannan mako ta haƙura ta bar wa wadda aka kwantar da ɗanta a asibiti. Ita ake zagi in abu ya lalace. Shi ya sa mata ba sa barin ta haka nan: wani wuri a ba ta kwasar farko, wani wuri mai kwasa ta cire mata tukuici. Sun gane cewa riƙe mutane aiki ne. Mu kuwa a kowace haɗakar ƙungiyoyi akwai wata baiwar Allah da ke kiran waya da katinta, ta nemo ɗakin taro, ta rubuta abin da aka tattauna, ta sasanta shugabanni biyu da suka saɓa, duk bayan ta tashi daga aikin da ake biyanta. Shekara biyu, uku, ta gaji ta janye, haɗakar ta mutu, a zauna ana mamakin abin da ya kashe ta. Masu ba da tallafi na son biyan kuɗin rijiya da buhun abinci, abin da za a ɗauki hotonsa. Ba su cika son biyan mai riƙe zumunci ba. In ba su biya ba, ƙungiyoyin da ke cin moriyarta su yi karo-karo su biya, ko da kuɗin kati da na mota ne, kuma a riƙa karɓa-karɓa don kada nauyin ya danne mutum ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce, domin sun ɗanɗana. Adashe na fashewa. Akwai mai kwasa ta ɗauke ƙafa, a je gidanta a tarar ta tashi. A aikinmu ma akwai wanda za ka nuna wa dabararka, ka gan ta a takardarsa da sunansa a kai. Akwai babbar ƙungiyar da za ta sa sunan ƙarama don ta cika sharaɗi, kuɗi ya fito ta daina ɗaukar waya. Wanda aka yi wa haka in ya rufe ƙofarsa ba zan ga laifinsa ba. Amma matan da aka cinye wa adashe ba su daina adashe ba, tsari suka ƙara. Baƙuwa ba ta kwasar farko, a ƙarshen layi ake sa ta, ta zuba a gani. Ba ta shiga sai wata ta tsaya mata, ta ce, "Ni na kawo ta, in ta gaza a zo wurina." Haka ya kamata mu ma mu yi. Sabon abokin aiki a fara da shi a ƙaramin abu, taron kwana ɗaya ko ziyarar ƙauye guda. In za a nemi kuɗi tare, a rubuta tun kafin a aika takarda wa zai yi me, wa zai karɓi nawa, kowa ya ga kasafin gaba ɗaya, kowa ya sa hannu.

Wannan tsayawa da ake yi wa baƙuwa ita ce kuma maganin wani ciwon da na fi jin tsoro, wato zumunci ya rikiɗe ya koma ƙungiyar 'yan gata. Fuskoki iri ɗaya a kowane taro, su gayyaci juna, su ba juna aiki, su yabi juna. Yarinyar da ta tara mata talatin a wani ƙauye na Jigawa tana koya musu karatu a zauren mahaifinta, ko saurayin da ke kwashe shara da abokansa a Damagaram, ba su da wanda zai ambaci sunansu. Zubinsu na nan, ba mai gani ne kawai. Duk wanda ya kai matsayin da ake gayyatarsa taro, yana da ikon ya ce a ba shi kujera biyu, ko ya ce wannan karon ga wadda za ta je a madadinsa. In ya kai ta, ya gabatar da ita da sunanta da aikinta, kada ya ce yarinyarsa ce. In taron da Turanci ake yi, ya nemi a ba ta dama ta yi bayani da Hausa a fassara. In an tashi, ya haɗa ta da mutum biyu da aikinsu ya yi kusa da nata, bayan wata guda ya kira ta ya ji ko sun neme ta, in ba su nema ba ya kira su ya tuna musu.